Akwatinmu Kwaɗo Uku, Wayar Magatakarda Fa?

Ƴan uwana mata na ƙungiyoyin asusu, na Madawa da Buza da Keita, da duk inda wannan takarda ta isa. Wadda ta iya karatu ta daure ta karanta wa wadda ba ta iya ba, domin maganar yau ta shafi kuɗinmu gaba ɗaya.

Tun shekarar 1991 da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi tare da ƙungiyar CARE, abin da ya riƙe asusu har ya bazu zuwa ƙasashe da yawa shi ne ba a barin amana a hannun mutum guda. Akwati yana ɗakin ma'ajiya, makullai suna hannun mata uku daban. Ba a buɗewa sai a gaban kowa. Ana ƙirga kuɗi da ƙarfi, a faɗi abin da ya shiga da abin da ya fita. Wannan tsari shi ke sa ma'ajiya ta yi barci da kwanciyar hankali, mu ma mu yi.

To yanzu ga wani abu ya shigo taronmu wanda ba shi da makulli uku, wato salula mai shafawa. A cikinta magatakarda ke ajiye hoton littafin zubi, da lambobin membobi, wani lokaci har da hotunan katin ɗan ƙasa. Ta cikinta labarin kuɗin da masu gida suka turo daga Libiya ko Aljeriya ko Abijan ko Legas ke iso mu. Karɓar kuɗi ta waya ba baƙon abu ba ne a jihar Tawa. Tun 2010, shekarar ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern ta raba wa mata tallafi a wasu ƙauyuka ta tsarin Zap na kamfanin Zain, wanda daga baya ya koma Airtel. Amma wayar wancan lokaci ta latsawa ce, kira da saƙo kawai take yi. Ta yanzu tana da ƙofa zuwa duniya, kuma sunan ƙofar burauza.

Mece ce burauza?

Duba fuskar wayarki. Za ki ga wata alama mai zagaye, ja da ruwan ɗorawa da kore, da shuɗi a tsakiya. Wannan ita ce Chrome. Ko ki ga jan harafin O, ita ce Opera Mini. A wayoyin Tecno da itel da Infinix, waɗanda suka fi yawa a hannunmu, sau da yawa akwai wata mai suna Phoenix da ke zuwa tun daga kwali. Duk waɗannan burauza ne. Aikinsu shi ne su je su ɗauko miki shafin intanet su nuna miki.

Wata za ta ce: “Ni ban taɓa shiga wanga abu ba, WhatsApp ɗai nika yi.” Inna, kin shiga ba ki sani ba. Duk ranar da aka turo miki shuɗin rubutun nan da yara ke kira linki, kika latsa, wani shafi ya buɗe, to kin bar WhatsApp kin shiga burauza. Facebook ma yana da tasa a ciki, wadda ke buɗe shafi ba tare da kin lura kin fita ba.

Mu ɗauki burauza kamar yaron aike. Kin ce masa je ka gidan wane ka karɓo mini saƙo. Ya san gidan da kika aike shi, ya san lokacin, ya san sau nawa kike aikawa can. In kin ba shi takarda ya kai, ta hannunsa za ta bi. Ashe ya kamata mu san ɗan wane ne wannan yaro, da wanda ke ciyar da shi.

Yadda muke yarda da ita

In ana hirar waya a wurin taro, za ki tarar mata sun kasu. Akwai waɗanda suka yarda da duk abin da ya fito a fuskar waya. A wurinsu rubutu da hoton tuta da hatimi sun isa shaida, sai ka ji an ce “ai a waya anka faɗa.” Akwai waɗanda suka tsorata gaba ɗaya, ko kuɗin ɗansu ne ya shigo ba su taɓawa sai sun miƙa wayar ga mai cajin waya a kasuwa, su gaya masa lambar sirri da bakinsu. Mafi yawanmu kuwa muna tsakiya: ba mu zaɓi burauzar ba, mun same ta a waya, ko yaro ya tura mana ita ta Xender, muka ci gaba da aiki da ita.

Dukkanmu abu guda ya haɗa mu: mun ba da yarda, ko mun hana, ba tare da mun bincika ba. Alhali ko sabuwar memba ce za ta shiga asusu sai mun tambayi gidan da ta fito, da sana'arta, da wadda za ta tsaya mata.

Ta wa ce, kuma me take ci?

Babu burauzar da muka biya ko dala don mu same ta. Kamfanonin da suka yi su kuwa suna biyan dubban ma'aikata. Daga ina kuɗin ke fitowa? Akasari daga talla. Gwargwadon yadda suka san abin da kike nema da inda kike, gwargwadon yadda tallar da za a nuna miki ke tsada. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Chrome ta kamfanin Google ce ta Amurka. Ta fito a 2008, kuma yau fiye da mutum shida cikin goma masu shiga intanet a duniya da ita suke shiga. Tana da ƙarfi wajen tsaro. Idan shafi sananne ne wajen damfara, takan rufe fuskar waya da jan gargaɗi kafin ki shiga. Amma Google da talla yake cin abinci, saboda haka yana tara labarin abin da masu amfani da kayansa ke yi.

Opera Mini daga ƙasar Norwe ta fito, a 2016 kuma masu kuɗi na ƙasar Sin suka sayi kamfanin. Muna son ta don ba ta cin mega, kuma tana buɗe shafi ko da rezo ya yi rauni, kamar yadda yakan yi a ƙauyukan da ke tsakanin duwatsun Keita da Buza. Ga dubarar da take yi: idan kin sa ta a matakin tsimi mafi ƙarfi, shafin ba ya zuwa wayarki kai tsaye. Sai ya fara biyawa ta manyan kwamfutocin kamfanin, su buɗe shi, su matse shi, sannan su turo miki. Wannan ya yi daidai don karanta labarai ko duba farashin albasa. Don rubuta lambar sirri kuwa, ki sani cewa akwai na uku a tsakaninki da wanda kike magana da shi.

Akwai kuma UC Browser ta kamfanin Alibaba na Sin, wadda ta yi tashe shekarun baya, har yanzu tana cikin tsofaffin wayoyi. A 2015 masu bincike na Citizen Lab a jami'ar Toronto ta Kanada suka gano tana aika lambobin shaidar waya da wurin da mutum yake da abin da ya nema, ba tare da ta rufe su yadda ya kamata ba. A watan Yuni na 2020 ƙasar Indiya ta hana aiki da ita, tare da wasu manhajoji na Sin, 59 gaba ɗaya.

Ko zuwan abu cikin kwali ba shaida ba ce. A 2020 wani kamfanin tsaro mai suna Upstream ya ba da rahoton cewa wayoyi samfurin Tecno W2 kimanin 53,000 da aka sayar a ƙasashen Afirka sun zo da wata muguwar manhaja tun daga farko, mai yi wa mutum rajistar abubuwan biya a ɓoye, tana cinye masa kati da mega. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito, ya kuma fitar da gyara. Duk wadda katinta ke ƙarewa ba ta san dalili ba, ta tuna da wannan labari, ta sa a duba mata wayar.

Kwaɗon da ke saman shafi

Mu masu akwati, in mun ga kwaɗo sai hankalinmu ya kwanta. Shekaru da yawa burauza kan nuna ɗan hoton kwaɗo a sama, kusa da adireshin shafi, har a wasu tarurrukan horo ana cewa in kin ga kwaɗo to shafin na gaskiya ne. Wannan magana ba daidai ba ce, kuma ta jefa mutane da yawa cikin asara.

Kwaɗon yana nufin abu guda: takardar da kika ba yaron aike a liƙe take, ba wanda zai karanta ta a hanya. Bai ce komai ba game da mai gidan da za a kai wa. Ɓarawo ma yana iya sa wa shafinsa wannan kwaɗo, kyauta, cikin ƴan mintuna, kuma yawancin shafukan damfara na yanzu suna da shi. Takardarki za ta isa lafiya lau, ta isa hannun ɓarawo.

Ba mu kaɗai muka ruɗe ba. Google da kansa ya yi bincike a 2021, ya tarar kashi 11 cikin ɗari kawai na waɗanda aka tambaya suka fahimci ainihin ma'anar kwaɗon. Shi ya sa a watan Satumba na 2023 ya cire shi daga Chrome ya sa wata alama. Wasu burauza har yanzu suna nuna shi. In kin gan shi, ki ce hanya a rufe take, saura in san gidan.

Gidan kuwa a adireshi ake gane shi, rubutun nan na can sama. Ki duba ƙarshen sunan, kafin sandar farko mai karkata. Shafukan ma'aikatun gwamnatin Nijar kan ƙare da gouv.ne. Idan kin ga an jera sunan hukuma ko na wata ƙungiyar agaji a gaba, amma ƙarshen ya zo da wasu baƙaƙe kamar xyz ko top, to rigar aro ce. Wadda karatun bai yi mata ƙarfi ba ta kira wadda ta yi makarantar yaƙi da jahilci su karanta harafi harafi. Ga ranar karatun da muka zauna muka koya da tsakar rana.

Shafin ɓoye

Ƴaƴanmu sun san wani sashe na Chrome mai baƙar fuska da hoton hula da tabarau, ana kiransa Incognito. Da yawa sun ɗauka in sun shiga nan babu mai ganinsu. Abin da yake yi kawai shi ne ba ya barin sawu a cikin wayar, don wanda ya ɗauke ta bayanki kada ya ga inda kika shiga. Kamfanin layinki da mai shafin da kika ziyarta suna iya sanin kin zo. A 2020 wasu mutane a Amurka suka kai Google kotu kan cewa yana tara bayanansu ko a cikin wannan sashe. A 2024 aka bayyana sulhun da aka yi, kamfanin ya amince zai goge biliyoyin bayanai, ya kuma gyara bayanin da yake nuna wa masu shiga.

Duk da haka yana da amfani a wurinmu, domin wayarmu ta gida duka ce. Maigida ya ɗauka, yara su ɗauka, maƙwabciya ta ara. In kina neman bayani kan wata lalura ta mata da ba ki son a gani, ko dole ta sa za ki duba saƙonki a wayar wani, shafin ɓoye zai rufa miki asiri a cikin gida. Iyakarsa ke nan.

Inda asarar ke shigowa

Gaskiyar magana, mai kamfani a Amurka ko Sin ba zai zo ya ɗauki jikka goma ta asusunmu ba. Masu ɗauka suna kusa, suna jin yarenmu, kuma ta ƙofar burauza suke shigowa. Hanyarsu kusan guda ce kullum. Saƙo zai faɗo a zauren WhatsApp, yawanci gab da azumi ko salla ko lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu: ana raba tallafi ga ƙungiyoyin mata, ko kamfanin waya na kyautar mega, ko ana ɗaukar sunaye don injin niƙa. Ki latsa, shafi ya buɗe da tuta da hoton mata suna murmushi. A nemi sunanki da lambarki da hoton katinki. A ce ki tura wa mutum goma kafin a ba ki. Daga ƙarshe a nemi kuɗin rajista, ko a ce ki rubuto lambobi shida da aka turo miki yanzu.

Lambobi shidan nan su ne makullin WhatsApp ɗinki. Da kin ba da su, an ƙwace shi, sai a fara aika wa membobi saƙo da sunanki: ina asibiti, a turo mini jikka biyar. Su kuwa sun san ki da gaskiya, sai su tura.

Ku lissafa da ni. Ƙungiya mai mata 25, a ce kowa ta ba da jikka biyu na rajista, jikka hamsin ke nan. Tabarma nawa matar Madawa za ta saƙa kafin ta haɗa wannan? Kuma kuɗin ba su ne babbar asara ba. Magatakardar da ta tattara su da kyakkyawar niyya ita za a riƙa kallo da wani ido. Wata ta ce ta ci, wata ta ce an cuce ta, zubi ya fara ja da baya. Ƙungiyar da ta tsallake fari da tsadar hatsi tana iya watsewa kan linki guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu sa wa waya dokokin akwati

Ga abin da nake ba da shawara kowace ƙungiya ta tattauna a taronta na gaba, in an yarda a rubuta shi cikin dokokinta.

Na farko, duk saƙon tallafi ko rance ko kyauta da ya zo ta waya, ba mace guda za ta yanke hukunci a kansa ba. A kawo shi taro, mata uku su duba, kamar makullai. Kafin a cika komai, a tambayi mai kula da ƙungiyoyi na yankin, ko a je ofishin magajin gari. Aikin gaskiya yana da ofis da mutanen da aka sani, kuma ba ya lalacewa don an jira kwana biyu. In an ce yau ne ƙarshe, ki tura yanzu-yanzu, wannan gaggawar ita ce alamar farko.

Na biyu, lambar sirri ta kuɗi, ko ta Airtel Money ce ko Moov Money ko Zamani Cash ko manhajar Nita ko ta Amana, ba a rubuta ta a shafin da aka shiga ta linki. Wurinta shi ne lambobin da kike latsawa da kanki, ko manhajar kamfanin ta ainihi. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayarki ita, ko a waya ko a kanti.

Na uku, manhaja daga Play Store ake saukewa. Wadda aka tura ta Xender ko aka ɗauko daga wani shafi, ba ki san hannun da ta bi ba. Idan waya ta rubuta Mettre à jour ga burauza, a daure a sayi mega a yi, domin gyaran ɓaraka ne da aka gano. Tsohuwar burauza kamar ɗaki ne da ba a yi wa yaɓe ba har damina ta sauka.

Na huɗu, in shafi ya nemi izini, za ki ga kalmomi biyu, Autoriser da Bloquer. Ta farko na nufin na yarda, ta biyu na hana. Shafin da ba ki sani ba, in ya nemi ya san wurin da kike, ko ya buɗe kyamara, ko ya riƙa turo miki sanarwa, latsa Bloquer. In jan gargaɗi ya rufe fuskar waya, koma baya, kada ki saurari mai cewa ba komai.

Na biyar, wayar da ke ɗauke da bayanan ƙungiya ta kasance da makullin fuska, kuma kada ta kwana wurin mai caji a buɗe. Hoton katin memba, in an gama aikin da aka ɗauke shi dominsa, a goge. Littafin takarda shi ne uwa, ya ci gaba da zama cikin akwati.

In abin ya riga ya faru

Wadda ta faɗa kada ta ɓoye don kunya. Ƴan boko da manyan ƴan kasuwa ma ana damfararsu. Ta sanar da ƙungiya a ranar, don a gargaɗi sauran kafin saƙon ƙarya ya iso su. Ta je ofishin kamfanin layinta ko na kuɗin a canza lambar sirri. Kada ta goge saƙonnin da lambar da aka tura wa kuɗi, su ne shaida a wurin ƴan sanda ko jandarma. Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, dokar 2017 kuma ta kafa hukumar kare bayanan mutane mai suna HAPDP a Yamai. Sunanki da hotonki da lambarki haƙƙinki ne a gaban doka. Mu kuma sauran, mu karɓe ta da haƙuri. In muka yi mata dariya, ta gaba ba za ta faɗa ba.

Ban ce a jefar da waya ba. Da ita muke jin farashin albasa a Galmi kafin dillali ya zo ya faɗi nasa, da ita muke ganin fuskar ɗanmu da ke ci rani. Burauza ƴar aike ce mai amfani, a aike ta inda ya dace, a san abin da ake damƙa mata. A taro mai zuwa, bayan an rufe akwati, ina roƙon kowace shugaba ta ware minti goma. Masu waya su fito da su, a nemo burauzar da ke ciki, a faɗi sunanta, a koya wa juna inda adireshi yake da inda Bloquer yake. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a zubinmu. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.